Yaya zan koya wa matasa batun tamowa ba su yi min gyangyaɗi ba?

Malamar Aji:
Assalamu alaikum. Ina koyar da 'yan shekara 14 zuwa 17, an ba ni darasi kan kare ƙananan yara daga tamowa. Makon jiya na cika allo da rukunan abinci, ko rabi ban kai ba aka fara hamma. Wani yaro ma ya ce, "Malama, mu da ko aure ba mu yi ba?" Aji ya kwashe da dariya, ni kuwa bakina ya mutu. Don Allah a ba ni shawara.

Ma'aikaciyar Jinya:
Wa alaikumus salam, Malama. Da ni ce, cewa zan yi duk mai ƙani ko ƙanwa da ba su kai shekara biyar ba ya ɗaga hannu. Su ne fa masu goyo, su ne masu ba yara abinci in iyaye sun fita.

Ki bar allo, ki nemo tef ɗin awon dantse mai launi uku. Na yara ne 'yan wata 6 zuwa shekara 5. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa ta yi tsanani, sai asibiti a ranar. Daga 11.5 zuwa 12.5 rawaya. Ki sa su naɗe takarda, zagayenta ya zo daidai da awon jan, su zura yatsu ciki. Duk ajin da na yi wa haka sai ya yi tsit. Ki kuma nuna musu danna bayan ƙafafun yaro da babban yatsa na daƙiƙa 3. In gurbi ya zauna a duka biyun, kumburin tamowa ne, ba ƙiba ba. Nan ake yawan ruɗuwa.

Baban Uku:
Malama, kada ki mayar da shi darasin 'yan mata. Ni sai da na haifi na biyu na san jariri ba ya buƙatar ko ruwa kafin wata 6, nono ya ishe shi. Har gardama na yi da maiɗakina a kai, kuma ni ne ban da gaskiya.

Malamar Aji:
Na gode. To in sun ce abinci mai gina jiki sai masu hali?

Ma'aikaciyar Jinya:
Akwai gaskiya a ciki, kada ki musa musu. Amma ba duka ne kuɗi ba. Cikin yaro ƙarami ne, abinci tsululu yana cika shi da ruwa. A yi masa mai kauri, a haɗa da ƙwai ko wake ko ganye gwargwadon hali, sau 2 zuwa 3 a rana daga wata 6, sau 3 zuwa 4 daga wata 9, nono kuma har shekara 2. Kwanonsa daban, don manya kan riga shi. In gudawa ta kama shi kada a tsayar da abinci, a ba shi ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zink.

Malamar Aji:
Zan fara da naɗin takardar. Mai maganar auren nan shi zai fara zura yatsu.