Abin da na tattaro daga hirarmu kan dokokin ƙwadago na duniya

Jama'a hirar nan ta yi tsawo, ga abin da na tsinta.

1. Kowa ya yarda a birnin Janiba na ƙasar Switzerland ake tsara su, a taron ƙungiyar ƙwadago ta duniya ILO da ake yi duk watan Yuni. Kowace ƙasa wakilai 4, biyu na gwamnati, ɗaya na masu kamfanoni, ɗaya na ma'aikata, kuma sai an samu kashi biyu cikin uku na ƙuri'u kafin yarjejeniya ta wuce.

2. Wucewa a can bai sa ta hau kanmu ba, sai ƙasa ta rattaba hannu. Najeriya ta amince da mai lamba 182 kan bautar da yara a 2002, da mai lamba 190 kan cin zarafi a wurin aiki a 2022.

3. Nan aka rabu. Wasu sun ce tunda sashe na 12 na kundin tsarin mulki ya ce sai majalisa ta mayar da ita doka, to takarda ce kawai, har wani ya kawo maganar tsofaffin ma'aikatan masaƙun Kakuri a Kaduna da suka tsufa suna jiran haƙƙinsu, wallahi maganar ta taɓa ni. Wasu kuma suka ce a'a, gwamnati dole ta riƙa aika wa ILO rahoto, kwamitin ƙwararrunta ya duba, manyan ƙungiyoyin ƙwadago na Najeriya, NLC da TUC, su ma suna iya tura nasu ƙorafin.

4. Shawarar da aka fi maimaitawa: ka shiga ƙungiyar ƙwadago, ka adana takardar ɗaukar aikinka da ta albashi.