Kuɗin gyaran gida ya zarce ƙiyasina, me zan rage, me zan bari?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen masana gini. Tsohon gida ne mai ɗaki huɗu, ba bene ba. Rufin yana yoyo, gindin bango ya jiƙe har fenti na ɓarewa, wayarin ya tsufa, ina kuma son sa tayil da rushe bangon da ke tsakanin kicin da sito. Wata shida da suka wuce aka yi mini ƙiyasi, yanzu ɗan kwangilar ya kawo sabo, abin da ke hannuna bai fi kashi biyu cikin uku ba. Ya ce in na yarda zai mayar da rodi mai kaurin milimita 16 zuwa mai 12, ya kuma kawo bulo mai sauƙin kuɗi. In yarda? Ko in jira kaya su sauko?

Injiniyan gini:

Wa alaikumus salam Malam. Kada ka yarda da maganar rodin nan ko kusa. A ido bambancin milimita 4 ne kacal, amma faɗin bakin rodi mai 16 murabba'in milimita 201 ne, na mai 12 kuwa 113. Wato an zare kashi 44 cikin 100 na ƙarfen bim, wato dogarin kankare da ake zubawa a kwance ya riƙe duk nauyin da bangon da za ka rushe yake ɗauke da shi. Ranar da aka cire katakon da aka tokare shi da shi ba za ka ga komai ba. Sai an kwana biyu bim ɗin ya fara lanƙwasa, tsaga ta fito a tsakiyarsa daga ƙasa, ƙofa ta fara cijewa.

Batun jira kuma, ban ba ka shawara ba. Siminti sai an gasa shi a zafin da ya kai digiri 1,450, rodi sai an narkar da ƙarfe, yashi da tsakuwa kuwa yawancin kuɗinsu na dako ne. Duk makamashi suke ci. Waya, kwanon rufi da kayan banɗaki suna bin farashin tagulla, alminiyam da canjin kuɗi. Irin waɗannan kaya in sun hau da wuya su dawo inda suke, shi kuma yoyo ba ya jiran kowa: kowane ruwan sama sai ya ƙara ruɓar da katakon rufi da silin.

Ka rage yawan aikin, ingancin ka bar shi yadda yake. Fara da rufi, sai wayarin da bututun ruwa, sai maganin danshi, sai filasta. Tayil, fenti da adon silin su jira. Duk wanda ya sa tayil kafin ya binne bututu zai fasa shi da hannunsa.

Mai ƙiyasin kayan gini:

Malam, kafin komai ka ce ya raba maka takardar gida biyu, kuɗin kaya daban, ladan aiki daban, kowane kaya da adadinsa. Ƙiyasin dunƙule shi ke ɓoye ƙari, domin ba ka san ko farashi ne ya tashi ko adadi aka kumbura ba. Da tef da biro za ka iya bin sawunsa. Bulo 10 ke cika murabba'in mita ɗaya na bango, bayan ka cire ƙofa da taga. Kankare mai haɗin 1:2:4 (siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu) yana cin kusan buhu 6 na siminti mai kilo 50 a kowace mita kubik. Buhu ɗaya yana yin filastar murabba'in mita 11 zuwa 15 in kaurin bai wuce milimita 12 ba, gwargwadon haɗin. In bangon a karkace yake zai ci fiye da haka. Tayil mai 60 da 60 guda huɗu ne a yawancin kwali, murabba'in mita 1.44 ke nan, sai ka ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa.

Sannan ka ware kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na kuɗinka ka ajiye gefe. Tsohon gida sai an buɗe shi ake sanin ciwonsa. Kada ka ba da kafin alƙalami mai yawa, ka riƙa biya mataki-mataki bayan ka ga aiki, ka riƙe kashi 5 zuwa 10 har sai rufin ya sha ruwan sama ka tabbatar ba ya ɗiga.

Wani ɗan uwa:

Tunda kullum tashi suke yi, ya sayi kayan gaba ɗaya yanzu ya tara, ladan ma'aikata ya riƙa biya sannu a hankali.

Birkila:

Ranka ya daɗe, banda siminti. Rodi, kwanon rufi, waya, bututu da tayil za su iya zama. Tayil ma gara a saye shi lokaci guda, domin in ka koma ƙari ba lallai launin ya zo ɗaya ba. Amma siminti yana shan danshin iska ko buhun a rufe yake, bayan wata uku ƙarfinsa ya fara raguwa sosai. In ka matsa buhu ka ji gudaji da ba ya marmashewa tsakanin yatsu, ya tashi aiki. Ka sayi na mako biyu zuwa uku, a jera a kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango, kada a ɗora fiye da buhu 10.

Bulon da aka ce maka mai sauƙi, ka tambayi guda nawa suke bugawa da buhu ɗaya. Mai inci 9 bai kamata ya wuce 25 zuwa 30 ba. Masu araha sukan ja shi har 45. Ka kankari gefensa da farce, in yashi ya zubo ka bar musu kayansu. Araha ba ta ado: ya karye a mota, ya karye a hannun lebura, sannan ya sha filasta.

Rodi ma akwai wanda ba ya cika. A yanka mita ɗaya a ɗora a sikeli: mai 12 ya ba da kusan gram 890, mai 16 kilo 1.58. In tan za ka saya, sanda mai tsawon mita 12 guda 94 ne na mai 12, guda 53 na mai 16.

Gindin bangon kuma, kada a rufe shi da fenti ko tayil, danshin zai haura sama ne kawai. A sassaƙe filastar har santimita 30 sama da inda alamar ta tsaya, a bar bangon ya bushe, a gyara magudanar waje ruwa ya daina kwanciya a jikin gini, sannan a sake filasta da haɗin 1:4 (siminti ɗaya, yashi huɗu) da maganin hana ruwa.

Mai wayarin:

A ɓangarenmu inda ake cutar mutane shi ne waya. Akwai alminiyam da aka shafa wa tagulla a sama, in ka kankare da wuƙa za ka ga fari a ciki. Tana zafi a mahaɗa, nan gobara ke tashi. Kaurin waya a murabba'in milimita: fitilu 1.5, soket 2.5, na'urar sanyaya ɗaki da hita 4, kowanne da layinsa da birekarsa, da wayar at mai kai wuta ƙasa in an samu matsala. Inda za ka samu rangwame shi ne kawunan fitila da makunnai, ka sa masu sauƙi yanzu, canza su aikin minti biyar ne. Ɗakin da ba za ka gama yanzu ba a binne masa bututun waya tun kafin filasta.

Mai tambaya:

Allah Ya saka da alheri. To bangon kicin ɗin fa, in bar shi ke nan?

Injiniyan gini:

Amin Malam. A cire allon silin ɗaya a leƙa. In katakon rufi a kansa ya zauna, ko tankin ruwa na bisa, bangon yana ɗauke da kaya. Rushe shi zai buƙaci a tokare rufin tukuna, a zuba bim da aka yi wa lissafi, mai ginshiƙi a kowane gefe, a yi masa ban ruwa aƙalla kwana 7, kada a cire tokaran kafin mako uku. Da kuɗin da ke hannunka ni dai ban ga dalilinsa bana ba. Ka buɗe ƙofa mai faɗin mita ɗaya a bangon, a sa linta, wato kankaren saman ƙofa, da za ta hau santimita 20 a kowane gefe, ka samu shiga sito daga kicin.

Rufin ma kada a yi saurin kwashe shi duka. Sau da yawa yoyon daga kan ƙusa yake, ko ƙoƙuwar rufi, ko kwarin da rufi biyu suka haɗu. Kafinta ya hau ya duba kwano ɗaya bayan ɗaya, ya soki katakon da sukudireba. Wanda ya nutse gara ko ruwa sun cinye shi, shi za a canza, sabon kuma a shafa masa maganin gara kafin a ɗora kwano.