Mene ne bambancin soshiyobayoloji da nazarin tunani ta fuskar juyin halitta?

Ɗalibar Kimiyya:
Assalamu alaikum, malamai. An ambata mana waɗannan fannoni biyu a darasi, kuma dukansu suna danganta ɗabi'a da gado. Shin abu ɗaya ne aka sake wa suna, ko kuwa akwai bambanci na gaske?

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam, 'yata. Tushensu ɗaya, amma inda kowanne ya sa ido daban ne. Edward Wilson, masanin tururuwa a Jami'ar Harvard, shi ya yayata soshiyobayoloji da littafinsa na 1975, kuma yawancin aikin a kan dabbobi yake: me ya sa ma'aikaciyar zuma ba ta haihuwa, amma take ƙare rayuwarta wajen renon 'yan uwanta? Amsar da William Hamilton ya bayar tun 1964 ita ce, mai taimakon jininsa yana yaɗa ƙwayoyin gadon da suka yi tarayya a kansu. Wannan fanni ɗabi'a yake dubawa, ya tambayi ko tana ƙara yawan zuriya.

Su kuwa Leda Cosmides da John Tooby, jagororin nazarin tunani ta fuskar juyin halitta, cewa suka yi an tsallake wani mataki, domin ba ɗabi'ar ake gada ba, ƙwaƙwalwar da ke haifar da ita ake gada, kuma a ganinsu ta ginu ne a zamanin farauta da tsintar 'ya'yan itace, tun kafin noma. Shi ya sa mutum zai ga igiya a duhu ya zabura da zaton maciji ne, amma ya tsallaka titi cike da motoci hankalinsa kwance.

Mai Nazari:
Malam ya yi bayani, sai dai ina ganin rigima ma ta taka rawa wajen sauya sunan. Babin ƙarshe na littafin Wilson, wanda ya taɓo ɗan Adam, ya jawo masa suka mai zafi daga abokan aikinsa Stephen Gould da Richard Lewontin, har a 1978 masu zanga-zanga suka kwara masa ruwa a kai a wani taron masana a Washington. Sabon fannin ma bai tsira daga suka ba, tun da tunanin mutanen zamanin da ba ya barin ƙashi a ƙasa da za a tono a auna.

Tsohon Malami:
Gaskiya ne, kuma wannan suka tana da nauyi. 'Yata, ki nemi rubuce-rubucen Jerome Barkow, wanda ya haɗu da Cosmides da Tooby suka fitar da littafin da ya kafa sabon fannin a 1992. Ya taɓa yin bincike a ƙasar Hausa, har ya yi rubutu a kan Maguzawa.