Na koma Linux, me zai maye min AutoHotkey?

mai_buga_takardu:
Assalamu alaikum yan uwa. Dan Allah ku yi hakuri da rubutun nan babu haruffa masu lankwasa, matsalar da ta kawo ni kenan ma. Ina da dan shagon buga takardu, katin daurin aure da wasikun neman aiki da sauransu, kwamfutar tawa tsohuwa ce bata da TPM 2.0, wata karamar na'urar tsaro da ke cikin kwamfuta, don haka taki daukar Windows 11, da Microsoft suka daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025 sai kanina ya saka min Ubuntu 24.04, wani nau'in Linux. Komai yana tafiya lafiya sai abu daya, shekaru nake aiki da AutoHotkey, Alt da k ya bani k mai lankwasa, haka d da b, in na rubuta ;slm gaisuwar bude wasika ta fito gaba dayanta, F9 kuma ya bude min fayil din katin biki. Yanzu ance Windows kadai yake yi. Na saka AutoKey, makamancinsa na Linux, yana budewa amma ko motsi, wlh aikin minti goma yana cin rabin awa kwastoma na tsaye a kaina.

ɗan_tamina:
Wa alaikumussalam Malam. Buɗe tamina, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta echo $XDG_SESSION_TYPE, in ya ce wayland to ga ciwon nan. Wayland sabon tsarin nuna tagogi ne a Linux, X11 (ko Xorg) shi ne tsohon. AutoKey da xdotool duk don X11 aka gina su, a can kowace manhaja tana iya sauraren abin da kake dannawa ta kuma tura haruffa cikin tagar wata manhajar, to wannan ƙofar ce ɓarayin faswod ke bi shi yasa Wayland ya toshe ta da gangan, kuma Ubuntu tun 21.04 shi suke sakawa kai tsaye. Hanya mafi sauri, fita daga akawun ɗinka, wajen saka faswod akwai ɗan alamar giyar inji mai haƙora a ƙasa ta dama, zaɓi Ubuntu on Xorg, AutoKey zai tashi. Sai dai sikirif ɗinka na da ba zai karantu ba, shi AutoKey da yaren Python ake masa magana.

malamar_hausa:
Ni dai ban goyi bayan komawa Xorg ba, maganin kwana biyu ne, a Ubuntu 25.10 sun riga sun cire wannan zaɓin, ranar da ya ɗaga kwamfutar zai dawo inda yake. Yaya, ka raba aikin gida uku kawai. Haruffan ƙ ɗ ɓ ba sa buƙatar sikirif sam, shiga Settings wajen Keyboard ka ƙara Hausa a cikin harsunan rubutu, tana nan a ciki tun asali, Super (maɓallin mai tambarin Windows) da Space ke sauya maka tsakaninta da Turanci. In tsarin bai kwanta maka a hannu ba akwai manhajar kibod ta Keyman, kyauta ne kuma yana kan Windows da Mac da Linux har da waya. Gaisuwar wasiƙa kuwa Espanso, ni da shi nake shirya takardun jarabawar ɗalibaina, fayil ɗaya ne sunansa base.yml, ka rubuta trigger ka sa ;slm, ƙasansa replace ka zuba gaisuwar, har kwanan watan yau yana iya cika maka. Abin da ya sa na riƙe shi, fayil ɗin da ke kan Mac ɗina na gida shi na kwafa zuwa kwamfutar makaranta mai Windows ban canza ko harafi ɗaya ba. Ka dai lura wajen saukewa, na Wayland daban yake da na X11, kuma YAML, tsarin rubutun fayil ɗin base.yml, ba ya yafe kuskuren tazara a farkon layi.

ɗan_tamina:
Gaskiyar ki Malama, na karɓa. F9 ɗin ma Custom Shortcuts na cikin Settings zai yi, ya sa umarnin libreoffice da hanyar fayil ɗin shikenan. In kuma so yake ya sauya aikin maɓalli kansa, kamar Caps Lock ya zama wani abu, keyd ya fi, shi a ƙasa yake aiki bai damu da Wayland ko X11 ba.

baƙo_daga_Maraɗi:
Tunda an taɓo Mac, Hajiya ki gwada Hammerspoon, da Lua ake rubuta shi cikin init.lua, shi ne na ga ya fi kusa da AutoHotkey wajen jera tagogi da buɗe manhajoji, Karabiner-Elements kuma na sauya maɓallai. Mu nan ƴ muke rubutawa inda ku kuke sa 'y, kibod ɗinmu kuma AZERTY ne na Faransa, sai da na ƙara ƴ ɗin da hannuna.

mai_buga_takardu:
Alhamdulillah, ƙ ɗ ɓ sun dawo, F9 ma ya yi. Allah ya saka da alheri Malama, ngd sosai. Saura Espanso, na saka shi amma in na rubuta ;slm ba abin da ke fitowa, ina zaton na X11 na sauke. Sai na cire wancan tukuna ko in ɗora na Wayland a kansa kawai?