Kalmar "bawa" ta tada ƙura a zauren garinmu

Ɗan Ci-rani: Salamu alaikum. Wata biyu ke nan da dawowata daga Legas, har yau ana min kallon wanda ya zubar da arziki. Shekara shida ina gadi a wani gida, albashi bai taɓa latti ba. Amma Baba ya rasu ran Talata, maigidan ya ce in jira Asabar. Ko sadakar uku ban samu ba. Jiya kuwa na gama ban ruwan shinkafa da hantsi, na shimfiɗa buhu a gindin darbejiya har aka kira azahar, ba mai danna min hon in buɗe ƙofa. Wallahi daɗin duniya ba kuɗi ba ne, a ce kai ke da iko da lokacinka. Mai cin albashi bawa ne, ko wace mota yake hawa.

Ticha: Allah ya jiƙan Baba. Amma ka janye "bawa" ɗin nan. Shekara 19 ina riƙe da alli, ni na koya maka baƙi da wasali, yau ni ne bawa?

Mai Shayi: Haba Malam, ba da kai yake ba.

Ticha: To da wa yake? Kuɗin goro nake karɓa a ƙarshen wata?

Alaramma: Kowa bawa ne, na Allah. Ku daina jan magana.

Ɗan Ci-rani: Malam, ka yi haƙuri, amma tsakani da Allah, ran Lahadi kaɗai kake iya zuwa kasuwar Gujungu. Ni ko Alhamis na ga dama sai kasuwar Maigatari.

Ticha: Ka je da me? Da lokaci ake sayen akuya?

Kawu Na Fadama: Yaro, ashe ba ka taɓa tsaron tsuntsu ba. Bari shinkafar ta fitar da kai. Kafin gari ya waye kana gona, igiya a hannu, gwangwanaye na kaɗawa, kana ihu har muryarka ta dishe, jan baki na saukowa kamar hadari. Ka tafi fitsari su cinye kwanon awo. Maigidanka na Legas ya fi su tausayi. Ga injin ban ruwa, tun da aka cire tallafin mai a 2023 shi ke ci kafin 'ya'yana su ci. Ambaliyar 2022 kuma ba ta nemi izinin kowa ba.

Yaya Babba: Ƙanena, lokacin da kake kwance a gindin darbejiya, amaryarka tana surfe, ta ɗebo ruwa, ta ɗora sanwa. Nata lokacin fa, wa ya riƙe?

Ɗan Ci-rani: Yaya, wannan maganar gida ce.

Direba: Ni dai a bar kalmar nan. A garin nan kowa ya san asalin kowa, in aka fara tonon rinji wasu ba za su kwana ba.

Ticha: Wa kake nufi? Fito fili!

Shugaban Zaure: Na goge saƙonni huɗu. Wanda ya sake taɓo kakan wani zan fitar da shi.

Mai Shayi: Tunda ana maganar 'yanci, wanda ya ci indomi da ƙwai sau tara bai biya ba, ya zo ya 'yanta kansa daga littafina.

Direba: In da ni kake, ka fara biyan kuɗin buhun sukarin da na ɗauko maka daga Haɗejiya.

Ticha: An ce mafi ƙarancin albashi dubu saba'in tun 2024, buhun taki ya kusa lashe shi, amma duk da haka wajen "bayin" kuke zuwa rance in damina ta faɗi.

Kawu Na Fadama: Takin da 'yan jam'iyyarku suka raba a tsakaninsu cikin dare?

Direba: Naku da suna kan mulki ko cokali ba mu gani ba.

Ɗan Ci-rani: Jama'a, ni fa maganar jana'izar Baba na kawo.

Shugaban Zaure: To, na rufe nan. Abin da na fahimta, kusan kowa ya yarda albashi rufin asiri ne, kuma ƙanenmu ɓacin rai ne ya sa shi suɓutar baki, gobe ya je ya ba Malam haƙuri. Mu da ke aiki a sakatariya mun san darajar ƙarshen wata. Batun taki ba hurumin zauren nan ba ne. Waɗanda ba su biya kuɗin gyaran famfo ba su same ni bayan la'asar, da safe ina ofis.