Muhawara: A shafe ganuwar Zariya da siminti, ko a bar ta da yaɓen ƙasa?

Injiniya: Jama'a, abin da ya rage na ganuwa a wajajen Ƙofar Doka, Ƙofar Gayan da Kuyambana, in ba a shafe shi da siminti ba, nan gaba sai dai labari. Zariya na samun ruwan sama kimanin milimita 1000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba. Yaɓen ƙasa kullum gyara yake nema, wa zai riƙa biya? Kun dai ga yadda wani sashe na Masallacin Juma'a ya rufta a Agustan 2023 ana sallar La'asar, aka rasa rayuka.

Baba Magini: Injiniya, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma siminti a jikin ƙasa cuta ce. Ƙasa tana shan ɗanshi da damina ta kumbura, da rani ta fitar ta tsuke. Siminti ba ya bin ta, sai ya tsage. Ruwa ya bi tsagar ya shiga, ya rasa mafita, ɗanshin da ke tasowa daga gindi shi ma ya maƙale. Daga waje bango sumul, ciki kuwa ya ruɓe, gara ta samu gida. Ƙwanƙwasa shi ka ji yana amsawa kamar ganga. Ran da zai zubo, falle guda yake ɓallewa, ya tafi da naman bangon.

Malamar Zanen Gini: Baba ya yi gaskiya. Shi ma masallacin, Injiniya, ba hujjarka ba ne. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina shi a shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarimu, da tubali da azara da ɗaurin guga, wato rufin ƙasa mai tsarin bakan gizo, ya kusa shekara 190 a tsaye. Tun shekarun 1970 kuma aka kewaye shi da ginin kankare, to ba siminti aka rasa a wurin ba.

Injiniya: Na ji, Malama. To da me za a tare ruwan?

Baba Magini: Da abin da aka saba. A samo jar ƙasa mai birji, a zuba yankakkiyar ciyawa, a kwaɓa, a bar ta kwanaki tana ruɓa ana juyawa ana tattakewa. Mai gaggawa a nan yake ɓata aiki, ɗanyen kwaɓi da ya bushe sai ya daddare. A kankare ruɓaɓɓen wuri har a taɓo mai ƙwari, a yayyafa ruwa, a yaɓa hawa-hawa, kowane hawa ya sha iska kafin na gaba. Shafen ƙarshe da makuba: ɓawon ɗorawa ne ake dakawa a jiƙa, a kwaɓa ƙasa da ruwansa, ruwan sama ya riƙa zamewa. Saman ƙofa da rawanin bango kuwa laso suke so, wato katsin marina da gashin akuya na majema da dafara.

Injiniya: Baba, marina nawa suka rage da za su ba ka katsin? Masu haɗa laso ma tsufa suke yi, yara sun koma bulo.

Malamar Zanen Gini: Wannan kam ka taɓo inda ke ciwo. Siminti yana da gurbi, amma a ƙasa: magudanar ruwa nesa da gindin ganuwa, da daɓen dutse inda ruwa ke tsalle yana cin tushe. A ƙofofi a duba indararo, in ya toshe ko ya gajarce, bangon yake wa wanka. Kuma mu faɗi gaskiya, ruwa bai kai mutane ɓarna ba. Masu ɗibar ƙasar ganuwa su yi gini, masu yanka filaye a jikinta, masu jibga shara har ta tare lambatu, siminti ba zai hana su ba. Wannan aikin masu unguwanni ne da masarauta da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa.

Injiniya: Na yarda da magudanar. Amma sai an ware kuɗin yaɓe duk shekara a rubuce, in ba haka ba ina nan kan bakana.

Baba Magini: A ware, a kuma sake su da kaka. Yaɓe aikin rani ne, a gama shi kafin ruwan farko. In kuɗin suka fito a Yuni, duk abin da aka yaɓa hadari ɗaya zai wanke shi.