Gudu a hanyar South Downs Way ta Ingila

Mai Tambaya: 'Yan'uwa, wane shiri ake yi wa wannan hanya mai kilomita 160?

Ɗan Tsere: Malam, ka tashi daga Winchester ka nufi Eastbourne, iska ta fi kaɗawa daga kudu maso yamma, sai ta riƙa tura ka. Ka bi alamar ƙwallon itacen oak a jikin turaku.

Uwar Tafiya: Ruwa ne matsalar. Tuddan hanyar na alli ne, alli kuwa na shanye ruwan sama, babu rafi a saman tudu. Ka ɗauki lita 2, ka cika a duk famfon da ka samu.

Ɗan Tsere: Gaskiya ne, Hajiya. Kuma jiƙaƙƙen alli santsi gare shi kamar sabulu, musamman a gangara. Sai takalmi mai haƙora da tafi mai kauri, don tsakuwar dutsen ƙanƙara na huda tafi marar kauri.